Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya: tarihin itaciyar da muka ɗora wa laifi

1/ Kowane Bahaushe ya san karin maganar nan: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma mu nawa ne muka san akwai itaciyar da sunanta ke nan, ƙarya? Tana nan a tsofaffin gidaje, tana fure, kuma da gaske da wuya ka ga ɗanta. Yau tarihinta zan ba ku, da abin da ya sa nake tsoron mu rasa ta. Zaren da tsawo, a gyara zama. 🧵

2/ Ga wanda bai gane ta ba: gajeruwa ce, tsayinta bai cika wuce mita 1 zuwa 3 ba. Gindinta a kumbure kamar tulu, jikinta sumul, ruwan toka, rassanta gajeru masu kauri. In ka hango ta sai ka ce kuka ce aka matse ta dawo 'yar ƙarama. A kumburin nan take ajiye ruwan da zai kai ta wata damina.

3/ Abin burgewarta sai rani ya tsaya. Lokacin da hunturu ya kakkaɓe komai, ita ma ta zubar da ganye, sai ta rufe kanta da fure. Furen ruwan hoda ne, wani ya fi ja, cikinsa fari-fari, leɓe biyar, siffarsa kamar bakin algaita. Gari ya bushe ƙayau, ita kuwa ta ci ado kamar ranar sallah.

4/ A gidan kakata a Malam Madori akwai guda ɗaya, can nesa da rijiya, a kan ɗan tudu. Mun taso da gargaɗi biyu: kar a karya reshenta, in kuma an taɓa ruwanta kar a kai hannu baki. Na taɓa tambaya: "Kaka, me ya sa ba ta haihuwa?" Ta ce: "Maigida, ka cika tambaya. In da tana haihuwa ai da ba a ce mata ƙarya ba."

5/ Na daɗe ina riƙe da wannan amsa. Sai da na girma na gane ƙarya tana haihuwa sarai. Abin da ya hana ta a gidajenmu, mu ne muka jawo shi ba mu sani ba. Zan zo nan. Amma mu fara da ƙasa tukuna, don sai an san inda take zaune za a gane labarin.

6/ Duk ɗan Haɗejiya ya sani, mu ba mu da dutse. Daga Malam Madori zuwa Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma, Guri da Birniwa, yashi ne da laka, shimfiɗar tsohon kwarin Tafkin Chadi. Ko dai jigawa, ko fadama. Sunan jihar ma daga nan ya fito. Duwatsun jihar suna can yamma da kudu: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, sai wajen Kazaure da Roni.

7/ Ita kuma ƙarya ba ta shiri da ruwan da ya kwanta. Saiwarta ta kwana biyu cikin taɓo, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa ba ka ganinta a fadama. Gidanta na asali busasshen wuri ne: gangaren tsauni, tsagar dutse, tsakuwa, ko yashin da ruwa ke wucewa nan take. Wurin da sauran itatuwa ke wahala, nan take sakewa.

8/ A daji ana samunta daga Senegal da Muritaniya, ta bi ta Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya da Kamaru, Chadi da Sudan, har Habasha, Somaliya, Kenya da Tanzaniya. Ta tsallake Bahar Maliya ta shiga Yaman, Oman da kudancin Saudiyya. Wanda ya taɓa ganin hotunan duwatsun Bandiagara na ƙasar Dogon a Mali, wataƙila ya gan ta maƙale a jikin dutse.

9/ To yaya aka yi ta shigo gidajenmu? Da reshe. Yadda ake sare aguwa a kafa a yi shinge, haka ake yi mata. A yanko reshe, a bar shi ya sha iska, a soka a ƙasa, ya kama. Maƙwabciya ta ba maƙwabciya, amarya ta tafi da shi gidan miji, fatake su ɗauko daga wani gari. Ku riƙe maganar reshen nan, ita ce mabuɗin zaren.

10/ Yanzu tarihin sunanta a littattafai. A watan Janairun 1761 Sarkin Danmak, Frederick na 5, ya tura mutum shida su je su binciko ƙasar Larabawa. Cikinsu akwai wani saurayi masanin tsirrai, Peter Forsskal, almajirin Linnaeus, mutumin da ya tsara yadda ake ba tsirrai suna biyu da Latin. A ƙarshen 1762 suka sauka Yaman.

11/ A can Forsskal ya ga wannan itaciya mai kumburarren gindi ya rubuta ta. Bai koma gida ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a garin Yarim a watan Yulin 1763, yana da shekara 31. Cikin su shida mutum ɗaya ne ya tsira, Carsten Niebuhr, wanda ya isa gida a 1767. Shi ya tattara takardun abokinsa ya buga a 1775.

12/ A littafin sunanta Nerium obesum. Obesum ɗin nan ma'anarsa mai ƙiba, saboda tumbinta. A 1819 wasu masana biyu, Roemer da Schultes, suka ga ta cancanci gidan kanta, suka kira gidan Adenium, daga sunan da Larabawan Yaman ke kiranta, wanda ya yi daidai da sunan birnin Adan. Sunan da ya zauna ke nan har yau: Adenium obesum.

13/ Tamu ta Yammacin Afirka da farko an ɗauka daban take. A 1844 Alphonse de Candolle na birnin Janeba ya raɗa mata Adenium honghel. Da wannan suna aka san ta fiye da shekara ɗari. A 1980 wani masani a Wageningen ta ƙasar Holan, Plaizier, ya sake duba dangin gaba ɗaya ya ce tamu da ta Yaman abu ɗaya ne.

14/ Ga inda labarin ya matso kusa da mu. A 1905 wani likita ɗan Sikotlan, John McEwan Dalziel, ya kama aikin likitancin gwamnatin Turawa a Arewa. Ya zauna a wurare irin su Yola, Sakkwato da Katagum. Katagum fa, maƙwabtanmu na ƙetaren kogi. In ya tashi daga duba marasa lafiya sai ya shiga daji tsintar ganye, yana tambayar mutane sunan kowanne.

15/ Ganyayen da ya tara ya busar ya aika lambun Kew da ke Landan, suna can har yanzu, da yawa an rubuta Katagum a jikinsu. A 1916 ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai da Hausa. A ciki ya sa ƙariya, da wasalin i kamar yadda tsofaffi ke faɗa, ya haɗa ta da Adenium honghel.

16/ Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Yammacin Afirka tsakanin 1927 da 1936, a 1937 kuma ya ƙara da littafin amfanin tsirrai. Hutchinson ya saka wa itacen hano sunansa, Boswellia dalzielii. Amma mu tuna, ilimin da ke cikin littattafan nan daga bakin maharba, makiyaya, masunta da masu magani na ƙasarmu ya fito. Shi ya rubuta, su suka sani.

17/ Me suka sani game da ƙarya? Abu na farko, dafi. Gargaɗin kakata ba camfi ba ne. Ruwan jikinta na ɗauke da sinadaran da ke kama zuciya, 'yan uwan maganin nan digoxin da likitoci ke ba masu ciwon zuciya da ƙididdiga. Kaɗan yana ƙara wa bugun ƙarfi. Ya wuce ƙima, sai amai, bugun ya rikice, zuciya ta tsaya.

18/ Danginta ma haka suke. Gida ɗaya take da tumfafiya, da kuma kwankwani, wanda shi ne babban dafin kibiyar maharba da mayaƙan ƙasar Hausa a da. A Gabashin Afirka ita kanta ƙarya ake dafawa. Mutanen Hadza na Tanzaniya, da har yanzu ke farauta da baka, suna tafasa ruwanta ya yi kauri su shafa wa kibiya. Suna kiran dafin panjube.

19/ A Najeriya an san ta cikin abubuwan da ake zubawa a ruwa don bugar da kifi, kamar magimfa. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ɓawonta a kan tarwaɗa suka ga yana yi mata illa har ya kashe. Mu 'yan bakin kogi mun san ɓarnar irin wannan su: babba da ƙarami duk tafiya suke. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta shi.

20/ Masu maganin gargajiya a ƙasashe da dama suna amfani da ita wajen ciwon fata, miki da ƙwarƙwata, galibi shafawa. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya jiƙa ya sha, ko ya ba yaro. Tsakanin magani da ajali a wannan itaciya tazarar ba ta da yawa. Dafin nan ne ma ya sa akuya ba ta cika kula ta ba, shi ya sa ta daɗe a cikin gari.

21/ To mu dawo kan tambayata ga Kaka. Me ya sa take fure ba 'ya'ya? Dalili na farko yana cikin furen. Sassan namiji guda biyar sun haɗe kamar 'yar malfa sun rufe wajen mace. Iska ba ta iya kai ƙurar fure can. Sai ƙwaro mai dogon baki ya zura ya sha zuma, ya fito da ƙura, ya kai wani furen.

22/ Dalili na biyu ya fi girma. Galibin ƙarya ba ta karɓar ƙurar jikinta. Sai an kawo mata daga wata ƙaryar daban, wadda ta tsiro daga wani iri. To ku tuna maganar reshe. In duk ƙaryar da ke unguwa daga reshe ɗaya aka yaɗa ta, ko da gindi hamsin ne, jiki ɗaya ce aka rarraba. Ƙwaro ya yi ta zirga-zirga, a banza.

23/ Kun ga ke nan. Mun ɗauko ta daga cikin danginta, mun kafa ta ita kaɗai a tsakar gida, ta yi shekara da shekaru tana fure ba miji, sannan muka juyo muka ce mata maƙaryaciya. Har muka yi karin magana. Karin maganar daidai take a kan ƙaryar baki. A kan itaciyar kuwa, mun zalunce ta.

24/ Ranar da na fara ganin ɗanta ba na mantawa. Mun je ɗaurin aure can kudancin jiharmu, wajen iyaka da Bauchi, motarmu ta lalace a gindin wani tsauni. Ana gyara na hau shan iska. A tsagar dutse na tarar da su, manya da ƙanana, tumbinsu ya ninka ta gidanmu. A kan ɗaya ga wasu abubuwa biyu sun fito kamar ƙahon bunsuru.

25/ 'Ya'yan ke nan. Kullum biyu-biyu suke fitowa, dogaye, wani ya kai taƙi guda. In sun bushe sai su tsage, iri ya fito siriri kamar guntun tsinke, da gashi a kai da gindi. Wanda ya san yadda audugar tumfafiya ke tashi ya gane. Iska ta ɗauka, wanda ya faɗa tsagar da ke da 'yar ƙasa ya jira ruwan farko. Na ɗebi kaɗan na sa a aljihu.

26/ Akwai alamar da za ka bambance su. Wadda ta tsiro daga iri ita ke yin babban tulu a gindi tun tana ƙarama. Ta reshe gindinta bai cika kumbura haka ba. Kuma irin ba ya jure ajiya, in ya daɗe sai ya mutu. Ma'ana, ba za ka zuba shi a kwalba ka ce ka adana ƙarya ba. Adana ta shi ne a bar iyaye da yawa a wuri ɗaya suna haihuwa.

27/ Shi ya sa ƙaryar gida ba za ta ceci ƙarya ba. Ko kowane gida a Haɗejiya ya kafa reshe, in na daji sun ƙare, an tashi da hoto ne kawai ana ta kwafa. Cuta ɗaya ta shigo, duk ta kwashe, don jininsu ɗaya. To yaya dajin yake? Nan ma sai mun koma tarihi.

28/ Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya ɓarke. A 1930 layin dogo ya kai Nguru, ya bi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa. Dogon nan ne ya raya garinmu, ya zama tashar da Haɗejiya ke fitar da kaya. Kuɗin gyaɗa da harajin Bature suka sa aka yi ta sare daji ana buɗe gona.

29/ Manomi ba ya sare komai da komai. Yana barin gawo don taki, kuka don miya, tsamiya, kanya, aduwa da goruba. Wanda ke ba shi wani abu shi yake bari. Ƙaramar itaciya mai dafi, ba a ci, dabba ba ta ci, ba ta itacen girki, wa zai kewaye ta da garma? Irinta ne ke fara tafiya in ana sassabe, kuma ba mai lura.

30/ Sai fari ya biyo baya, na 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. Ƙarya na jure fari, amma daji bai jure yunwar mutane da dabbobi ba. Jama'a kuma na ƙaruwa. Ƙidayar 1991 ta ba Jigawa mutum kusan miliyan 2.9, ta 2006 ta ba ta sama da miliyan 4.3. Gyaɗa ta ja baya, riɗi da zoɓo suka karɓa. Gona dai gaba take ci.

31/ A irin wannan hali dutse ne mafakar ƙarshe. Garma ba ta hawa, gobarar daji ba ta cika samun ciyawar ci ba, shanu ba sa son gangare. Abin da aka kora daga fili sai ya rage a kan tsauni. Ba ƙarya kaɗai ba. Hano, da ake ɓare wa ɓawo don magani, shi ma ɗan tsauni ne. Kowane dutse kamar tsibiri yake a tsakiyar gonaki.

32/ Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni. Sabuwar jiha na buƙatar tituna, gadoji, sakatariya, gidaje. Duka da tsakuwa ake yin su, tsakuwa kuma daga dutse take. Mu na ƙasar yashi mu muka fi kowa saye. Duk kwalta da dakalin da ke Malam Madori, wani tsauni ne aka fasa aka kawo a tifa. Har da na gidanmu.

33/ Bayan wasu shekaru na sake bi ta hanyar nan, na ce direba ya tsaya. Gefen tsaunin da na hau babu shi. An sa nakiya an cinye shi, sai farin rami da tarin tsakuwa, mata da yara na fasawa da guduma. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Amma gona in an bar ta daji na dawowa. Dutse in an fasa, shi ke nan har abada.

34/ Za ku ce ina masu kare daji? Tarihin kare daji a Arewa ya haura shekara ɗari, sai dai idonsa na wani wuri. Dokar gandun daji ta 1916, zamanin Lugga, da ta 1937, katako da itacen wuta suka dama. Gandun dajin En'e ma haka. Abin da ba ya zama gungume ko gawayi bai shiga lissafi ba.

35/ A 1934 wani malamin gandun daji, E. P. Stebbing, ya zagaya yankin nan ya koma yana shelar cewa Sahara na gangarowa. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamada na tahowa yadda ya faɗa ba, ya ga dai hannun mutane na cin daji. Duk da haka tsoron hamadar ne ya zauna a kan gwamnatoci.

36/ Maganin da aka riƙe tun lokacin shi ne dashe. Maina, wadda Kanawa ke ce wa darbejiya, an shigo da ita Borno a 1928, yau ta cika ko'ina. Sai turare, sai shingayen kare iska. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Najeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Jigawa na cikin jihohi 11. Aiki ne mai kyau. Amma dasa baƙo daban, tsare ɗan gida daban.

37/ A ɓangarenmu kuma ruwa da tsuntsaye ne suka ja hankalin duniya. Bayan dam ɗin Tiga na 1974 ambaliya ta ragu, a 1987 aka fara shirin kare dausayin Haɗejiya da Nguru, a 1992 dam ɗin Challawa ya ƙaru. Tafkin Nguru da Marma ya shiga jerin Ramsar a 2000, Baturiya a 2008. Fadama ta samu masu magana da yawunta. Tsirran kan dutse ba su samu ba.

38/ Alhali mun san ana iya kare dutse. A shekarun 1950 Bernard Fagg ya bayyana wa duniya zanen shanun da mutanen da suka yi a kogunan Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe, da duwatsun da ake kaɗawa su yi ƙara. Gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. In zane ya isa ya hana a fasa dutse, abu mai rai da ke kansa ma ya isa.

39/ Gaskiya ɗaya: a lissafin duniya ƙarya ba ta cikin masu shirin ɓacewa, don ƙasashenta na da yawa. Amma abu na iya yawa a Kenya ya ƙare a garinku. Maƙwabtanmu na Burkina Faso, a rahotonsu na ƙasa kan tsirrai da dabbobi, sun sa ta cikin itatuwan da ke bakin ƙarewa a wajensu. Sahel ɗaya muke da su, matsala iri ɗaya.

40/ Ƙanwarta ta kudu, Adenium swazicum, da ke Eswatini, Mozambik da gabashin Afirka ta Kudu, ta riga ta shiga uku. Hukumar tsirrai ta Afirka ta Kudu ta taɓa sa ta a matakin haɗari mafi tsanani. Dalilai: an mai da dajinta gonakin rake, masu magani na haƙa, masu sayar da fure na tumɓukewa. Ku canza rake da riɗi ku gani ko labarin bai yi kama ba.

41/ A tsibirin Sokotra na Yaman kuwa, inda danginta ke yin gindin da mutum biyu ba sa iya rungumewa, tsirrai ne suka ɗaga sunan wurin. Nau'i 825 ake da su, kashi 37 cikin ɗari babu su ko'ina a duniya. A 2008 UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren gadon duniya. Yau hotonta a kan dutse na cikin abin da ke kai baƙi can.

42/ Ga abin haushi. Furen nan da muka raina, Tailan da Taiwan sun mai da shi sana'a. Sun yi ta aurar da wannan da wancan, sun fitar da launi iri-iri, suna sayar wa duniya iri da dashe. Turawa na ce mata furen hamada. Je ka wajen masu sayar da fure a bakin titi a Abuja ko Kano, za ka gan ta a tukunya da kuɗinta. Ƙaryar gidan Kaka ce ta sa kaya.

43/ Kasuwar nan na da kaifi biyu. Mai saye ya fi son babban gindi, babban gindi kuwa shekaru ne, hanya mafi sauƙi ita ce a je daji a haƙo. A Afirka ta Kudu, daga 2019 zuwa yau, hukuma ta ƙwace tsirran hamada sama da miliyan ɗaya daga hannun masu fasa-ƙwauri. Kar mu jira sai abin ya iso tsaunukanmu.

44/ To me za a yi? Darasin yana Maraɗi. Daga 1983 manoman can, tare da wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, suka koma barin kututturen da ke toho a gona suna gyara shi maimakon sarewa. Sassabin zamani suke ce masa. An kiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Ba dashe, tsare abin da ke nan kawai.

45/ Na ɗaya, a ƙidaya. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu ya ɗauki tsauni ɗaya, ya rubuta abin da ke kai, gindi nawa, masu 'ya'ya nawa. Waya da littafi sun isa. Dalziel ma da ƙafa da tambaya ya yi nasa.

46/ Na biyu, doka na nan. Dokar auna illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta shafi manyan wuraren fasa dutse, lasisin kuma daga tarayya yake fitowa ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007. Amma kafin a fasa sai an zauna da masu ƙasa. Hakimai da dagatai na iya cewa: ku ɗauki wannan gefe, ku bar wancan. Ba a ce a daina gini ba. A bar wa kowane yanki tsauni ɗaya cikakke.

47/ Na uku, mu da kanmu. Kar ka sayi ƙaryar da ka ga alamar daga daji aka haƙo ta, mai katon gindi da yankakkiyar saiwa. Nemi ta iri. In kana da ta gida, samo mata abokiya daga wani gari mai nisa. A shuka a yashi da tsakuwa, a rana, a rage ban ruwa, nesa da inda yara ke wasa. In ka yanka, wanke hannu da sabulu.

48/ Irin nan da na sa a aljihu, uku suka tsiro, ɗaya ta rayu. Na dasa ta taku biyar daga ta Kaka. Da ta isa fure na bi dabarar masu lambu: na zura siririn zaren fatsa cikin furen wannan, na zura a na waccan. Bazarar da ta biyo, tsohuwar ƙaryar gidanmu ta fito da ƙaho biyu. Kaka ba ta gani ba, Allah Ya jiƙanta da rahama.

49/ Iyakar abin da na kawo ke nan. Wanda ke da ƙarya a gidansu, ko ya san inda take a daji, ya ɗora mana hoto a ƙasa, ya faɗi ƙaramar hukuma kawai, kar ya faɗi ainihin wurin saboda masu haƙa. 'Yan Gumel, Kazaure, Katagum, Damagaram, ya kuke kiranta a wajenku? A tambayi tsofaffi tun suna nan.